Yadda ake fito da ainihin launin baƙar fata a zanen kwamfuta

A Gidan Kwano, mazaunin dindindin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ɗalibin da ke sha'awar zana fuskar mutum da kwamfuta ba zai rasa kayan aiki ba. Manhajar Krita kyauta ce, ibisPaint kuwa ko a wayar hannu tana aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen fata. Sai a fitar da ido da hanci daidai, amma fuskar ta fito kamar ta 'yar tsanar roba.

Dalilin yana cikin yadda fata ke karɓar haske. Idan haske ya sauka a fuska, wani kaso yana komawa nan take daga saman fata saboda maiƙo da gumi, shi ne ƙyallin da ake gani a goshi da karan hanci. Sauran yana ratsawa ciki, ya watsu inda jini ke gudana, sannan ya fito da ɗan ja. Duk wanda ya taɓa rufe bakin tocila da yatsunsa da dare ya ga wannan jan.

A 2001 ne Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da lissafin da ya ba kwamfuta damar kwaikwayon wannan ratsawa, kuma masu shirya finafinai suka rungume shi. Sai dai a 2020 Farfesa Theodore Kim na Jami'ar Yale ya yi ƙorafin cewa fannin ya fi karkata ga farar fata, wadda a cikinta ne ratsawar ta fi bayyana.

Baƙar fata tana da yalwar sinadarin melanin, wanda ke shanye mafi yawan hasken da ya shiga. Saboda haka ƙyallin sama ne ke nuna tudun kumatu da kwarin ido. Ƙyallin kuma yana ɗaukar launin abin da ke kewaye. Mutumin da ke zaune a inuwar mangwaro da hantsi, goshinsa kan ɗauki shuɗin sararin sama, mai sanye da jan mayafi kuwa ƙasan haɓarta kan yi ja. Mai zanen da ya zuba ruwan ƙasa guda ɗaya a fuskar baki ɗaya ya zubar da wannan duka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara baƙi don yin inuwa da ƙara fari don yin haske. Abin da ke fitowa shi ne fata mai toka-toka, irin ta wanda ya fita cikin hunturu bai shafa mai ba. Gara a gina inuwar da ja mai duhu ko shunayya, a tuna kuma cewa tafin hannu ya fi bayansa haske.

Sai batun gogewa. Fatar ɗan Adam tana da ƙofofin gashi da tabon ƙuraje, a garuruwan Neja kuma akwai dattawan Nufawa da Gwarawa masu tsagar gado. Idan aka share waɗannan, 'ya'yan mai hoton ma sai sun dubi zanen sau biyu. Haka yake ga mai wankan tarwaɗa da aka mayar fari tas don a burge shi, wanda bai wuce bilicin da alƙalamin kwamfuta ba.

Lamarin ya shafi har asibiti. A Disambar 2021 zanen da ɗan Najeriya Chidiebere Ibe ya yi da kwamfuta na baƙin jariri a cikin mahaifa ya karaɗe duniya, domin mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa a littafin likitanci ba. Ƙurajen da ke yin ja a farar fata sukan fito da duhu ko shunayya a baƙa, kuma ɗalibin likita da aka koyar da hoton farar fata kawai yana iya kallon su a jikin maras lafiya bai gane ba.