Guzurin Ɗan Kwaleji Da Aikin Firiza

'Yan'uwana masu karatu, hutu ya yi kusa, na kuwa sani duk wanda ya tafi gida ba zai komo hannu rabbana ba, gama uwa ba ta barin ɗanta ya kama hanyar makaranta babu guzuri. A dā guzurin nan busasshe ne. Yanzu da firiza ta shiga gidaje da yawa, iyaye mata sukan dafa miya su daskarar da ita, su ba yaro ya taho da ita. Abin kirki ne, amma yana da ƙa'ida. Wanda bai kiyaye ta ba, wahalar uwarsa ta tashi a banza, wataƙila ma ya kwana a asibiti. Domin wannan na ga ya kamata in bayyana yadda abin yake.

Da fari sai mu san aikin sanyi. Abin da ke ɓata abinci waɗansu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Santigireti, zafin ɗakunanmu kuwa yana tsakiyar wannan. In sun sami yadda suke so, waɗansunsu sukan ninka kansu cikin minti 20. To, ku yi lissafi: ƙwaya ɗaya cikin awa 6 ta zama fiye da 260,000. Firiza mai kyau takan sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. A nan ƙwayoyin ba su iya haihuwa, amma ba su mutu ba, barci kawai suke yi. Ran da miya ta narke sai su farka, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Ba kowane abinci ke jimre ƙanƙara ba. Waɗanda suka fi dacewa su ne miyar tumatir da aka soya sosai, da miyar taushe, da miyar agushi, da dafaffen wake, da alala, da soyayyen nama. Dafaffen ƙwai kuwa farinsa yakan zama kamar roba, dafaffen dankalin Turawa ya yi ruwa-ruwa, latas da kokwamba su saki jiki. Dalili shi ne, ruwan da ke cikin abinci in ya daskare yakan zama tsinin ƙanƙara, ya huda naman abin. In an daskarar a hankali tsinin ya yi girma, in da sauri sai ya tsaya ƙanana. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya lura da haka a Labrador, wadda yanzu ke cikin Kanada, inda ya ga kifin da ya daskare nan da nan cikin tsananin sanyi bai sake ɗanɗano ba. A 1930 aka fara sayar da daskararren abinci irin nasa a kantunan Amurka.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, kada a sa miya da babbar tukunya. A raba ta cikin ƙananan robobi masu murfi, kowace daidai ci ɗaya, domin ta huce da wuri, ta daskare da wuri. Kada a bar ta a waje fiye da awa 2 bayan an sauke. A bar fili kamar kaurin yatsa a bakin roba, gama ruwa yakan kumbura wajen kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara, shi ya sa kwalba cikakkiya ke fashewa. Sa'an nan a rubuta ranar da aka dafa, a cinye kafin wata 3.

Saura hanya da wutar lantarki, nan ne kuwa gizo ke saƙa. A jera robobin a kula su matsu da juna, a cike sauran wurin da ledojin ruwa daskararru, kada a buɗe sai an iso. Firiza cikakkiya, in an ɗauke wuta ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta wajen awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24. Ga wata dabara: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora ɗan dutse a kai, a bar shi ciki. In ka tarar da dutsen a gindin kofi, ka sani kome ya narke a bayanka, ko da ya sāke daskarewa.

In za ka ci, ɗauki roba ɗaya tak, ka ɗumama har miyar ta tafasa ko'ina. Abin da ya narke har ya bar sanyi kada ya koma firiza. Kada kuma ka dogara ga hanci, gama abinci yakan ɗauki cuta tun bai yi wari ba. Shinkafar da ta kwana a waje ta fi ban tsoro, don dafin da ƙwayoyinta ke bari ɗumame ba ya kashe shi.

Wanda tafiyarsa ta kai wuni da kwana, ko ba shi da tabbacin firiza a makaranta, shawarata ita ce ya roƙi uwarsa guzurin kakanni: ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da yaji, da kilishi, da garin kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa. Waɗannan rana da wuta da gishiri sun riga sun raba su da ruwa, ba ruwansu da mai ɗauke lantarki.

Mu da za mu zama malamai, yara za su kai gida abin da muka koya musu a darasin kiwon lafiya. Sai mu fara kiyaye shi a ɗakunanmu tun yanzu. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya komo da mu lafiya.