Kafin Ku Ɗauki Shatar Bas Zuwa Ziyara

A Landan, zagaya gari da baƙi a bas sana'a ce mai tsari. Bas ce mai hawa biyu, samanta a buɗe, tana bi ta gaban Big Ben da Tower Bridge. Mutum ya sayi tikitin awa 24, ya sauka inda ya ga dama, ya hau wadda ke biye, ga abin saƙalawa a kunne yana ba shi tarihin kowane gini. Kuɗi da hanya da lokaci duk a rubuce suke.

Mu nan Araba ta Illela ba mu da wannan, amma muna da ziyara. Bayan Sallah, ko in Islamiyya ta yi saukar karatu, sai a yi karo-karo a ɗauki shatar bas zuwa Sakkwato. Niyyar mai kyau ce. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake ƙulla cinikin: da baki, a tsaitsaye, ba shaida.

Ku fara da hanya. "Ziyara Sakkwato" ba magana ba ce da za a biya kuɗi a kanta. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana cikin gari, haka ma Fadar Sarkin Musulmi da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Amma kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, a Wurno yake, wata hanya daban. Degel kuwa, inda Shehu ya zauna kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, tana ƙasar Gwadabawa, sai an saki titi an ratse. In ba a lissafa wuraren ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan yuniyon direbobi ba, da an fito Hubbare direba zai ce mai ya ƙare, a ƙaro kuɗi. A tantance waye zai sayi man, kuma awa nawa motar za ta jira.

Sai lodi. Bas mai kujera 18 ba ta zama mai 30 don fasinjojin yara ne. Wai "ai ƙanana ne, a ɗora su a cinya", wannan maganar tana ba ni tsoro, domin birki da taya nauyi suka sani, ba shekaru ba. A duba tayoyin da ido, har da safaya. A rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, kwafi ɗaya a mota, ɗaya a gida. A ƙirga kawuna duk inda aka tsaya, musamman a Hubbare, inda cunkoso kan raba yaro da malaminsa.

Lokaci ya fi komai. Daga Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware tafiya ce ta sama da kilomita 80, kuma kowa ya san halin tsaron gabashin jihar nan. A tashi bayan gari ya waye, a juyo da la'asar, ko da ba a gama zagayen ba. Wurno da Gudu kada a nufe su sai an tambayi mutanen can halin hanya a ranar. Lahadi ma a bar ta, ranar kasuwar Illela ce, titi cike da tirelolin shanu.

Masu son haɗawa da Ƙonni ta Nijar su tuna ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kusanci ba takarda ba ne. A tambayi jami'an shige da fice abin da ake nema kafin a kwashi 'ya'yan mutane.

Kuma ku tafi da malamin da ya san tarihin wuraren. In ba haka ba, a ƙofa za ku haɗu da mai ba da labari na son ransa, ya kuma miƙo hannu a sallame shi.