Shin Ko Kun San? Ginin Ƙasa na Zazzau a Idon Kyamara

Shin ko kun san cewa a shekarun 1830 aka gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu? Magininsa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma har gobe akwai unguwa mai wannan suna a cikin birni. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne da azara, sai bakan gizo da ke ɗauke da rufin.

Ko kun san dalilin zaɓar azara? Daga giginya ake tsago ta, kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Makubar da ake shafe bango da ita kuwa, daga ɓawon ɗorawa take.

Shin kun san wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna wannan masallaci, ya zana shi, ya ɗauki hotunansa tare da mataimakansa 'yan Najeriya? Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa, kuma an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos. Darajar wannan aiki ta fito fili ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani ɓangare na rufin masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya faɗi, sai dai a gan shi a hoto.

Ko kun san maginan Zariya sun riƙa zana keke da mota a fuskar gida, gefe da dagi? Bajamushe Friedrich Schwerdtfeger ya yi littafi sukutum kan wannan ado a 2007.

To, ina Ikara da Maƙarfi da Kudan? Duk ƙasar Zazzau ce, hannun ginin ma ɗaya ne: zauren dagaci mai zankwaye, tsohon masallacin unguwa, rumbun dawa, indararo mai zubo da ruwan soro. Amma masu kyamara sun fi karkata birni, ga shi kuma kowace damina sai ta tafi da wani bango, kwano da bulo su gaji wurin. Wannan abin takaici ne, domin yanzu wayar da ke aljihunku ta isa aikin.

Ku ɗauki hoton da hantsi ko bayan La'asar, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, inuwa ta fito da kowane lanƙwaso na zanen. Ku nemi izinin maigida, ku shiga zaure ku ɗaga kai ku ɗauki ɗaurin rufin. Matasan Hunƙuyi da Likoro da Maƙarfi da Ikara, ku tambayi dattawa sunan maginin da zamanin da aka yi ginin, ku rubuta tare da hoton tun kafin ruwan bana ya sauka.