Itatuwan Kurmi a Kan Tudun Fadama

In mun dubi fadamar kogi daga nesa, sai mu ga kamar ƙasar a shimfiɗe take bai ɗaya. Ba haka ba ne. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, yakan zubar da yashi da laka a gefensa, a hankali har wurin ya zama tudu. Ko tudun bai kai tsayin mutum ba, shi ne yake raba itatuwan fadama gida biyu.

Dalili kuwa shi ne, saiwa tana bukatar iska kamar yadda ganye yake bukatar rana. A kwari, inda ruwa yake kwanciya wata da watanni, saiwar yawancin itatuwa ruɓewa take yi. Irin su giyayya ne suke jurewa. A kan tudu kuwa ruwa ba ya daɗewa, yakan janye ya bar laka mai taki, ga kuma danshi a ƙarƙashi har cikin rani. Nan ne manyan itatuwan katako suke samun wurin zama.

Muna da misali a bakin kogin Gaji, cikin gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a shekarar 1956. A irin wannan kurmi maɗaci ne babba, yakan kai mita 30. Kusa da shi akwai kanya da ɗinya da tsamiya. A ƙarƙashinsu ga ƙananan itatuwa da tsirrai masu naɗe reshe suna neman haske. Saboda inuwa ciyawa ba ta yin yawa, shi ya sa wutar daji ba ta cika shiga ba.

Abin damuwa shi ne, a wuraren da ba tsaro ana sare waɗannan itatuwa domin katako da gawayi. In saiwa ta mutu, gaɓar kogi sai ta zube, ruwa ya cinye gonaki. A shekarar 2022 taron ƙasashen duniya a Panama ya sa maɗaci cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da izini.

Saboda haka, 'yan makaranta, in kun je hutu ku tsinto 'ya'yan maɗaci. Ba sa jure dogon ajiya, sai mu shuka su da wuri, mu yi ta ba su ruwa har damina ta sauka.