Anzim na ɗakin gwaji da tayar da sinadarin girma: matsalar kalmomi a Hausa

1. Gabatarwa

A wannan ƴar takarda muna so mu duba kalmomi biyu na kimiyyar halitta, wato « enzyme recombinante » da « activation ». Ra'ayinmu shi ne, kafin a raɗa wa abu suna, dole a san yadda yake aiki. Misalin da muka ɗauka shi ne HGF, sinadarin da ke sa ƙwayoyin hanta su hayayyafa.

2. Yadda abin yake

Jiki yana ƙera HGF a matsayin sarƙa guda wadda ba ta aiki. Sai wani anzim ya yanke ta a wuri ɗaya tak, ta koma sarƙa biyu da ke nan haɗe da juna, sa'an nan ta iya umurtar ƙwayoyin su rabu. Ɗaya daga cikin masu wannan yanka shi ne HGFA, wanda masana a Japan suka bayyana tsarin gadonsa a 1993. Shi kansa yana yawo cikin jini a kwance, har sai « thrombine », anzim ɗin daskarewar jini, ya yanke shi. Ta haka ne rauni ke kiran gyara. In kuwa aikin HGF ya wuce kima, yana iya taimaka wa ciwon daji ya bazu.

Tun da anzim ɗin kaɗan ne cikin jini, masu bincike sukan ɗauki ƙwayar gadonsa ta ɗan Adam, su dasa ta cikin ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji, su kuma su ƙera shi da yawa. Wannan dabara ce ta ba da insulin na ɗan Adam da aka fara sayarwa a 1982.

3. Zaɓen kalmomi

(a) « Recombinante ». Ba mu yarda da « na jabu » ko « na roba » ba. Tsarin na mutum ne, wurin ƙira ne kawai ya sake. Mai ciwon sukari da ya ji an ce allurarsa ta jabu ce, yana iya ƙin ta. Mun zaɓi « na ɗakin gwaji ».

(b) « Activation ». « Kunnawa » na nuna abin da ake kashewa a sake kunnawa, kamar fitila, alhali abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. « Ɓarewa » kuma na nufin an yar da ɓawo, kamar na gujiya, amma a nan sassan biyu suna tare. « Tayarwa » ta fi dacewa, domin tana nuna abu yana nan kwance, aka tashe shi. Inda ake son bayyana hanyar, sai a ce « tayarwa ta hanyar yanka ».

4. Kammalawa

Muna roƙon abokan aiki na sashen kimiyya da ɗalibanmu su gwada waɗannan kalmomi a aji, su gaya mana inda suka kasa.