Tayar da Injin Fijo a Ƙofar Gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damaturu ta ratsa Dapchi, hedkwatar ƙaramar hukumar Bursari, ta nufi Gashuwa da Nguru, da wuya ya rasa ganin tsohuwar Fijo 504 a gindin dogon yaro, an ɗora ta bisa bulo, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Yawancinsu ba haɗari ne ya kwantar da su ba. Inji ne ya gaji, mai ita kuwa ya ƙi sayar wa 'yan gwangwan domin yana da burin wata rana ya tashe ta da hannunsa. To, wannan buri ba mafarki ba ne.

A cikin shekarar 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1975 kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma harhaɗa motoci. A wannan shekarar ce aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, ga kuma rancen mota, sai Fijo ta zama motar malamin makaranta da akawu, 'yar'uwarta a-kori-kura kuwa ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina yin ta da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000.

Abin da ke kashe inji a wannan yanki shi ne rairayi. Ƙurar hunturu takan bi ta matatar iska idan ta yage, ta shiga cikin silinda, ta gauraya da baƙin mai, ta dinga cin ƙarfe kamar dutsen wāshi. Sai ka ga mota tana hayaƙi, tana shan baƙin mai, ba ta da ƙarfin fita daga yashi.

A nan ne Faransawa suka yi wa talaka gata. A injuna da yawa, ramin da fistan ke kai da komowa a jikin gangar injin yake, in ya cinye sai an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe sun faɗaɗa shi. Na 504 kuwa, wanda aka fi sani a nan, mai silinda huɗu da girman cc 1,971, hannun riga huɗu ne na ƙarfe aka zura a cikin gangar, ruwan lagireto yana kewaya su. In sun cinye, zare su ake yi a sa sababbi tare da fistan da zobbansu. Watau babban aikin, wanda ke tilasta wa mutum tafiya birni, an mai da shi aikin sifana da haƙuri. Kiranshaf kuwa, idan ya ƙoƙe, ba makawa sai an kai shi wurin masu injin gogewa.

Amma fa sauƙin yana da tarko. Da zarar an cire kan injin, ba a juya kiranshaf sai an danne hannayen rigar, in ba haka ba za su ɗago, abin da ya toshe gindinsu ya lalace, ruwa ya zuba cikin baƙin mai. Sa'an nan kowane hannun riga dole ya ɗara fuskar gangar da ɗan abin da bai wuce kaurin takarda ba, domin gaskit ya kama shi sosai. Kan injin kuwa na alminiyam ne, ba ya son a ɗaure kusoshinsa da ƙarfin tuwo. Bi da bi ake ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai ma'auni. Har wa yau, Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita wa baƙo wayoyin filogi.

Mai aiki a Dapchi yana da ƙarin abokin gaba, watau iskar da ta kashe injin tun farko. Buɗaɗɗen inji a tsakar gida cikin hunturu ɓarnar kuɗi ce. A shiga ɗaki ko zaure, a shimfiɗa buhu, a wanke kowane ƙarfe da kananzir, a jera na kowace silinda a kwanonsa dabam, a rufe da tsumma.

Kayan gyara sai an nufi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka ta Kaduna, kuma jabu ya yi yawa, har wani lokaci tsohon na asali ya fi sabo na kwali. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu mai cewa mota mai kafireta hanyar tsimi ce. Wanda ya shiga wannan aiki don sha'awa ya shiga.

A ganinmu, abin da ya fi kayan gyara wuyar samu shi ne masu sani. Makanikan da suka koyi aiki a kan Fijo a garejin Gashuwa da Nguru sun manyanta, yaransu kuwa sun saba da sauke inji a ɗora na Kwatano. Mai niyyar buɗe nasa ya fara da zuwa gaida irin wannan dattijo, da goronsa, ya roƙe shi ya zo ya zauna kusa ranar da za a mai da kan injin.