Masu Busa Sarewa a Ƙauyukan Ireland ta Arewa

A ƙauyukan gundumomin Down da Antrim na Ireland ta Arewa, da wuya ka rasa wani ɗan zaure a gefen hanya inda mabusa sarewa ke haɗuwa daren mako. Lokacin hunturu rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, iska na kaɗawa, amma bayan an ci abincin dare sai ka ga ana shigowa ɗaya bayan ɗaya: direban babbar mota, manomi, yarinya 'yar firamare da kakanta. Kowa ya buɗe ɗan akwatinsa ya harhaɗa sarewarsa ta baƙin katako. Sabon shiga kan yi makonni yana hura iska a bakin ramin ba tare da sauti ya fito ba, manya kuwa ba sa gajiya da shi, don su ma ta nan suka bi.

Al'adar ta samo tushe daga sarewa da gangar sojan Birtaniya, daga baya ta koma hannun ma'aikatan masaƙu da manoma a ƙarni na 19. Wasu ƙungiyoyin ma masu yaƙi da shan giya ne suka kafa su, don su raba samari da mashaya. Ƙungiyar Churchill ta birnin Derry tana kai tarihinta ga shekarar 1835, ta ƙauyen Ballygowan kuma ga 1876, kuma har yau suna busa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda talakawa suka riƙe makarantar kiɗa da kansu, ba malamin albashi, ba jarrabawar shiga. Kuɗin riguna da ganguna da hayar mota daga aljihun jama'a yake fitowa. Kowace ƙungiya kan shirya faretinta sau ɗaya a shekara, ƙungiyoyin maƙwabta su zo su taya ta zagaya gari, ana yawo da bokiti 'yan kallo na jefa tsaba. Wanda ya zo naka, dole ka je nasa, kamar dai biki. A irin wannan ƙungiya James Galway ya fara busa yana yaro a Belfast, inda aka haife shi a 1939, ya gaji mahaifinsa da kakansa. Shi ne daga 1969 zuwa 1975 ya zama jagoran mabusa sarewa a babbar ƙungiyar makaɗan Berlin ta Jamus.

Sai dai wannan sauti ba kowa yake wa daɗi ba. Mafi yawan ƙungiyoyin na Furotesta ne masu son zama cikin Birtaniya, babbar ranarsu kuma 12 ga Yuli, ranar tunawa da yaƙin Boyne na 1690, inda Sarki William ya ci Sarki James, ɗan Katolika. Busar da ke tuna wa wani kakansa, ita ce maƙwabcinsa ɗan Katolika ke ji a matsayin gori, musamman in an bi da ita ta ƙofar gidansa da gangar da ke girgiza tagogi. Katolika ma suna da nasu mabusan, ko da yake ba su kai yawa ba. A shekarun rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar sulhu ta 1998, samari da yawa sun shiga ƙungiyoyi masu zafin kiɗa da zafin rai, kuma rigimar hanyar fareti ta Drumcree, wadda ta ɓarke a 1995, ta sa aka kafa hukuma ta musamman mai yanke hukunci kan titin da za a bi da wanda ba za a bi ba.

A ganina laifin ba ya wuyan yaron da ke koyon ɗora yatsu kan ramuka. Yana wuyan manyan da ke zaɓar wace waƙa za a busa, kuma a gaban gidan wa. Akwai ƙungiyoyin da suka gane haka, suka mai da hankali ga gasa da busa a coci da taron neman taimako, har sarewarsu ta kai ga kunnen mutanen da a da ba za su tsaya su saurara ba.